Awarwaron Zuhura a Hannun Maƙeri

Ni Tanna mai fura, tun haƙorana suna cike nike zaune gefen rumfar Na Allah maƙerin azurfa a kasuwar Mayahi. Duk wanda ya ce maku mutumen nan yana da sauƙin kai, ku ce Tanna ta ce ƙarya yake.

Awarwaro ne aikinshi, masu kaurin nan da mata ke zubawa a hannu. Ba ya miƙa wa mace nata sai ya kaɗa su bakin kunne, ya goge nan, ya ƙara bugu can, har su sami muryar da ba ta kowa ba. Da can in mata na lugude a ƙauyen Kona, daga bayan danga sai ka ce ga Sa'a, ga Zulaihatu, ba ka ga ko ɗaya ba.

To, injin niƙa ya zo, waya ta zo. Yanzu yarinya sai ta turo mashi hoton sarƙa siririya kamar zaren ɗinki, ta ce irin wagga. Shi ko ya ce, "Wannan ko ɗan tsako ba ta ɗaurewa. Tafi Maraɗi." Bana an ɗaure gero, an sha bukukuwa, shekara ta zo ƙarshe, ko mace guda ba ta nemi awarwaro ba. Na ce, "Haba Na Allah, sassauta mana!" Ya ce, "Ke dama furarki. Idonsu ne ya sake, hannuna yana nan inda yake."

Ana haka sai ga Asiya malamar lakwal, wato makarantar boko, ɗiyar marigayiya Zuhura ta Kona. Tana kwance ƙullin tsumma, abin ya yi ƙara, tsohon ya ɗago kai.

"Na Zuhura ne," in ji shi. "Iyakar sanina, su kaɗai suka saura ba a narke ba."

"Su ne, Baba. Sarƙa nike so ka yi mani da su."

Kai, ranar na ga fushi! Ya ce wutarshi ba ta cin su, ko sama za ta faɗo. Ya kaɗa su bakin kunnenta. "Saurara, ɗiyata. Ba ki ji uwarki ba?"

Asiya ba ta ko ƙifta ido ba. "Na ji ta, Baba. Ku daɗi kuka ji daga bayan danga. Ni ina ciki. Ina ganin tafin hannunta ya tsage, tana daka da zazzaɓi, ranar da ƙarar ta tsaya kuma a ce ta yi ƙiwa. Ina son Inna a wuyana, amma ta huta."

Wallahi gaskiya ta faɗa, don ni ma hannuna ya san taɓarya. Na Allah ya juyo wurina. Ya ce, "Tanna, ara mani turminki."

Na ce, "Ka haukace?"

Bai kula ni ba. Tsoho da furfura ya tura awarwaron mata a hannu da ƙyar, ya zuba gero, ya kama daka tsakiyar kasuwa. Mahauta suka fashe da dariya, 'yan kabu-kabu suka ɗaga wayoyi. Ko a jikinshi. Yana jefa taɓarya sama, yana tafi, azurfa na amsawa. Sai dariya ta fara mutuwa. Wata tsohuwa mai daddawa ta rufe fuska da gyale tana cewa, "Zuhura ce, wallahi Zuhura ce."

Gero bai ko fashe ba numfashinshi ya ƙare. Ya dubi tafin hannunshi da ya yi ja, ya dubi Asiya. Ya tuɓe awarwaron, ya sa a wuta da kanshi, bai bari kowa ya taɓa mashi zuga-zugi ba.

Sarƙar ta yi kyau, ba ni ɓoyewa. Da Asiya ta zo karɓa, ta iske shi yana bugun wasu sabbin awarwaro da azurfar da ta rage mashi. Ta ce, "Baba, na wa?"

"Na wadda ba ta zo ba tukuna," in ji shi, bai ɗago ba. "Ta kaɗa su wurin rawa. Waɗannan ba su zuwa bakin turmi."