Ranar da Baba Ya Zuba wa Kaka Ruwa

Ina cikin shanya kayan yara a bayan gidanmu na Al Wukair, kusa da Doha, bayan azahar, wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne daga Zariya. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika yau da safe." Na yi salati, na tambaye shi yaushe za a kai shi. Ya ce da zarar an idar da azahar a can. Babu jirgin da zai kai ni kafin nan, ni da shi duk mun sani. Na ajiye wayar na ƙarasa shanyar, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Masu zuwa gaisuwa sun faɗi alheri da yawa a kansa. Sun ce mai haƙuri ne, sun ce ba ya wasa da sallah, kuma duk gaskiya ne. Amma ni tun ranar abu ɗaya nake ta gani, wata Juma'a ta watan Afrilu a wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Bin Mahmud ta Doha. Ita nake so in ba ku labari.

A farkon shekarun dubu biyu muka zo Doha, ni da Umma da ƙanena, ban kai shekara goma ba. Baba ya riga mu zuwa da daɗewa. Direba ne a wani kamfani, kuma sai da ya yi ta bin kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, kafin aka yarda ya kawo iyali. Mun zauna a unguwar Mansura, a wani tsohon bene mai ƙananan ɗakuna. Da bazara na'urorin sanyi su yi ta ɗigar da ruwa a bango, ƙarfen matakala ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Da sanyi kowa ya buɗe ƙofa, sai ƙamshin girkin ƙasashe ya haɗu a baranda, har yaro ya iya gane ƙofar kowa da hanci.

Da hancin Umma ta gano maƙwabciyarmu. Wata safiya ta tsaya cak a baranda ta ce, "Akwai mai daddawa a gidan nan." Ta bi warin har ƙofar da ke kallon tamu. Wata 'yar tsohuwa ce ta buɗe, gajeriya, gashinta fari an rage shi kamar na namiji. Ashe ba daddawa ba ce, wani kifi ne da suke jiƙawa da gishiri har ya ruɓe ya zama kayan miya. Umma ta koma ta ɗauko ƙwallon daddawarta. Tsohuwar ta shaƙa ta Umma, Umma ta shaƙa ta tsohuwar, kowacce ta yamutsa fuska, sai suka fashe da dariya. Daga nan zumunci ya ƙullu.

'Yar Kambodiya ce, daga mutanen da ake kira Khmer. Tana girki a kicin ɗin wani gidan abinci na mutanen Asiya a Bin Mahmud. Larabcinta guntu-guntu ne, namu ma haka, amma ya ishe mu. Mu muna ce mata Kaka. Umma da Baba suna ce mata Mama. Ita kuwa Haji take kiran Baba saboda gemunsa, alhali lokacin bai sauke farali ba. Yakan ce, "Allah ya amsa daga bakinki, Mama." Ta haifi 'ya'ya da yawa, amma yaƙin ƙasarsu ya bar mata mace ɗaya, wadda take aika wa kuɗi. Sau ɗaya ta faɗa wa Umma wannan, ba ta sake ba. In mun dawo daga makaranta Umma ba ta nan, ɗakinta muke shiga. Ta ba mu shinkafa mai danƙo da ayaba a ciki, naɗe a ganye kamar alale, ta zauna tana kallonmu har mu cinye.

Baba yana da wata al'ada. Juma'ar farko bayan an yi albashi, sai ya fita da mu cin abinci a waje. A duk mako kayan aikin kamfani ne a jikinsa, yana buɗe wa wasu ƙofar mota. Ranar kuwa farin kaftani yake sawa da hular zanna, ya shiga gaba muna biye. Ya zaɓi teburi, ya ja wa Umma kujera, ita kuma ta ce masa ya daina, mutane na kallo. Mun ci shinkafar Indiyawa, mun ci gasasshen naman Turkawa, mun sha shayin madara da suke kira karak a bakin teku. Ko ina muka je, Umma za ta duba hagu da dama, ta zaro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa a ɓoye. Baba ya ce, "Wata rana za su kama ki su sa ki wanke-wanke." Ta ce, "Su fara koyon girki tukuna."

Amma inda muka fi zuwa shi ne wurin aikin Kaka. Can ne kaɗai yajin ba ya fitowa daga jaka. Kaka takan leƙo ta tagar kicin ta gan mu, sai a kawo kifi da aka turara da madarar kwakwa a cikin ganyen ayaba. Baba ya ci, sannan ya ɗaga mata hannu ta tagar.

A shekarar da nake ba ku labari, da sanyi, kakarmu ta wajen uba ta rasu a Zariya. An daɗe ana cewa jikin ya yi nauyi. Baba ya nemi izinin fita, wanda a lokacin sai kafil ya sa hannu, aka yi ta ce masa gobe. Kafin goben ta zo an binne ta. Bai yi kuka a gabanmu ba. Ya ci gaba da zuwa aiki. Fitar Juma'ar ce ta tsaya, kuma babu wanda ya tambaye shi dalili.

Da Afrilu ya shigo, zafi ya fara, Kaka ta ƙwanƙwasa ƙofarmu da yamma. Ta ce sabuwar shekararsu ta zo. 'Yan ƙasarsu da ke Doha, waɗanda ba su da yawa, za su taru a gidan abincin ranar Juma'a. A al'adarsu, ranar ƙarshe ta bikin yara ke zuba wa iyaye da kakanni ruwa mai ƙamshi, su nemi gafararsu, tsofaffin kuma su sa musu albarka. A gida wanka ake yi musu sosai, a nan kuwa hannu kawai. Ta yi ta murza gefen zaninta kafin ta kai ga maganar. Bara wasu tsofaffi biyu sun zauna 'ya'yansu suka zuba musu, ita kuma 'yan matan kicin ne suka zuba mata don tausayi. Sai ta ce wa mutane ai ita ma tana da jikoki a Doha. Tun daga nan suke tsokanarta, suna tambayar ina jikokin. Tana so Haji ya ba ta aronmu.

Baba ya ce zai yi tunani.

Yana da wani amini, mutumin Zangon Kumasi, mai gadi a wani otal, muna ce masa Kawu. Da ya ji maganar sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam, ka kiyaye. Mutanen nan gunki suke wanka ranan nan. Na gani da idona. Gobe a masallaci a ce yaran wane sun je bautan gunki, ina za ka sa fuskanka?"

Baba ya ce, "Tsohuwar ba gunki ba ce."

"Ni dai na faɗa maka."

Kawu ba mugun mutum ba ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Mu 'yan Arewa da 'yan Zango a Doha a lokacin kowa ya san kowa, magana ba ta kwana. Washegari bayan Baba ya taso aiki ya tsaya a ƙofar Kaka, daga waje, ya yi mata tambayoyi dalla-dalla. Me ake fara yi? Wa ake durƙusa wa? Me ake faɗa? Ta gaya masa gaskiya: ana fara zuba wa mutum-mutumin Buddha ruwa, sannan a zo kan tsofaffi, yara kuma sukan kai goshi ƙasa. Baba ya ce to ga nasa. Ba za mu iso ba sai an gama na farkon. Yaransa za su durƙusa mata kamar yadda suke durƙusa wa kowane babba, amma goshinsu ba zai taɓa ƙasa ba. Ta ce, "Khalas, Haji." Wato shi ke nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya ɗauko farin kaftaninsa. Umma ta ji an ce zuba ruwa, don haka ta yi abin da kowace Bahaushiya za ta yi. Ta wanke butarmu ta roba, shuɗiya mai ratsin fari, ta cika ta, ta ɗiga humrarta a ciki, ta ba ni in riƙe. Ƙanena aka ba shi tasar da za a tara ruwan a ciki. Haka muka shiga mota.

An ture teburan gefe, an shimfiɗa tabarmi. Furanni ko ina, da kwanukan abinci, da kiɗa a hankali daga wata rediyo. A can kusurwa an riga an lulluɓe teburin mutum-mutumin da ƙyalle, na san Kaka ce ta sa. Tsofaffin suna zaune a kujeru a jere, ita ce a ƙarshe, cikin farar riga mai leshi da ban taɓa gani a jikinta ba. A gaban kowa akwai kwanon azurfa mai zane, furanni farare suna yawo a kan ruwan. Sai ga ni da butar bayan gida. Wata budurwa ta rufe baki tana dariya, don ta san inda ake ajiye irinta a ƙasar nan. Ta miƙo mini kwanon azurfa. Na ji kunya ta rufe ni, na fara ɓoye butar a bayan hijabina.

Kaka ta yi wa budurwar magana da yarensu, gajeriya, sai ta janye kwanon. Kaka ta miƙo hannuwanta wajen butar.

Muka durƙusa. Ƙanena ya tara tasar, na zuba, na fara da dama kamar yadda aka koya mini. Ƙamshin humrar Umma ya tashi ya danne na furannin. Na ce, "Kaka, ki yafe mana," ƙanena ya maimaita. Ta ɗora jiƙaƙƙen hannunta a kaina ta yi doguwar magana da ban gane ba, ruwan yana gangarowa ta bayan kunnena. Sannan ta juya ta kalli sauran tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga haɓa.

Na ɗauka an gama. Ina shirin tashi sai na ji an karɓi butar daga hannuna. Baba ne. Wannan ba ya cikin abin da suka shirya. Ya tattare kaftaninsa ya durƙusa a kan tabarmar da ta jiƙe, mutum mai furfura a gemu, a gaban baƙi. Bai taɓa hannunta ba. Ya zuba ruwan a hankali har butar ta ƙare. Da Hausa ya yi magana, muryarsa ƙasa ƙasa, ni da ke kusa ce kawai na ji.

"Inna, ki yafe mini. Ban samu zuwa ba."

Kaka ba ta jin Hausa. Amma ta san rasuwar, ita ce ta yi mana girki a kwanakin zaman makoki. Ba ta ɗora masa hannu a ka ba, ta san ba zai so ba. Ta haɗa tafukanta a ƙirji ta ce da Larabcinta, "Khalas, waladi. Khalas." Ranar ba ta ce masa Haji ba, ɗana ta ce.

Ya tashi, gwiwoyin kaftanin sun jiƙe, ya ce mana, "Yalla, a ci abinci." Ya ci sosai, har ya nemi ƙari.

Maganar ta kai masallaci kamar yadda Kawu ya faɗa. Wasu sun ja baya da shi na ɗan lokaci. Wani ya tare shi a gabana ya ce an ce ya je bikin arna. Baba ya ce, "Na je wajen maƙwabciyata. Na zuba wa tsohuwa ruwa ta wanke hannu. In akwai laifi a nan, ka nuna mini in tuba." Mutumin bai nuna ba. Kawu kansa bai taɓa cewa ya sauya ra'ayi ba, amma da aka yi albashin watan, muka koma fitar Juma'a, da shi aka ci kifin ganyen ayaba.

Yanzu Mansura ta sauya. An rushe benenmu, akwai tashar jirgin ƙasa kusa da inda muke sayen burodi. Gidan abincin ya zama shagon gyaran gashi. 'Ya'yana suna taɓa waya a kawo musu abinci har ƙofa, ba su san abin da ake nufi da a sa kaya masu kyau don a je a ci shinkafa ba. Baba ya koma Zariya da ƙarfinsa ya ragu, ya kuma sauke faralinsa kafin nan. Kaka ta riga shi komawa gida. Tana raye, ta tsufa ƙwarai, tana wajen 'yarta a wani ƙauye kusa da babban kogi. Duk Afrilu jikanta na can yakan kira ni ta bidiyo ya riƙe mata wayar. Ba ma fahimtar juna sosai, Larabcin ya gudu daga bakinta. Amma tambayarta ta farko ba ta sauyawa: "Haji zain?" Wato ko Haji yana lafiya.

Afrilu ya kusa. Har yanzu ban gaya mata ba.