Kwarzanen da Kawu ya ce in bari

Yau ina sharar rumfa na tsinci gwangwanin man goge mota na Kawu, ƙanen mahaifiyata. Man ya bushe ya tsattsage, amma ƙamshin yana nan. Sai na ajiye tsintsiya na zauna.

Shekarar da aka tashe mu daga bakin kogi a Geskeru, na baro tattasaina yana ja a gona, na zo garejinsa a Diffa da 'ya'ya biyar. Shekarata arba'in, ban iya komai ba sai riƙon fartanya.

Ya miƙo mini tsumma da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge fenti, ya nuna wata farar mota da ƙaya ta yayyaga. A ƙofarta akwai kwarzane mai zurfi. Na tsaya a kansa tun hantsi ina dirza kamar mai kaftu a gona, har fentin ya cinye, ƙarfe ya leƙo.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya rufe ido yadda ya saba, ya shafa wurin da bayan hannu.

"Ɗana, da wa kake faɗa?" ya ce. "In farcenka ya maƙale a kwarzane, ya fi ƙarfin guga. Gyara gefensa, ka bar shi."

Shi ya sake fentin ƙofar, yana tari, bai ƙara tayar da maganar ba.

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Har yau ban koma gona ba, kafaɗuna sun gaji, kuma akwai abubuwan da na daina dirzawa. Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, Ya shafe kurakuranka da sauƙin da ka shafe nawa.