Yashi a Kan Siminti

Altine ba ta san sunansa ba. Tana tsaye a filin wasa na Yelwa, tana duba sabon dandamalin siminti da kwamitinsu ya zuba domin masu takalmin taya, sai ga shi daga bakin ruwa da kwandon yashi a ka. Dattijo ne gajere mai kaurin wuya, kunnensa na hagu a murɗe, wandonsa jiƙe har gwiwa. Yana tafe ƙafafu a buɗe irin na tsohon ɗan kokawa. Wataƙila a nan ya yi ta kayar da maza tun ba a yi jihar Kebbi ba, domin daidai wurin ne fagen kokawar bayan girbi.

Ko sallama babu. Ya tsaya tsakiyar simintin, ya buga shi da diddige, ya juye kwandon.

"Baba, lafiya?" in ji Altine. "Gobe fa za a buɗe wurin nan."

"A buɗe ma wa, ɗiyata?" in ji dattijon a fusace. "Duk Yelwa mutum nawa ke da wanga takalmi? Samarinmu in an kayar da su nan, ƙashi za ya karye. An tambayi 'yan ƙwallo, an tambayi 'yan makaranta. Mu ko aike ba a yi muna ba!"

Ya durƙusa yana baza yashin da tafin hannu. Bai rufe ko faɗin tabarma ba. Ya dube shi, ya yi tsaki, ya ɗauki kwandonsa ya tafi ɗebo wani.