Garwar Illo da Kiɗan da Hukuma Ta Kama

Duk wanda ya zauna unguwar Bukoki ta Yamai a shekarun da Nasara ya naɗe tutarsa ya tafi, ya san Illo ga-ruwa, ko da bai san fuskarsa ba. Kunne ne ya san shi. Sauran masu dakon ruwa a Yamai da baki suke talla, su zo ƙofar gida su kwarma ihu. Illo kuwa Allah ya jarrabce shi da i'ina, irin mai tsananin nan da kafin ya fitar da "ga", wani ya riga ya cika randa ya yi gaba. Sai ya samo wa kansa dabara. Ya sa maƙeri ya ƙera masa zobban ƙarfe biyu, ɗaya a kowane hannu, in ya rataya garwarsa biyu a sanda ya saɓa, yana tafe yana ƙwanƙwasa su da yatsu. Garwar dama tana da amo mai kauri, ta hagu tana da ɗan tsaga a baki, sai ta riƙa amsawa da siririyar murya. Da mata sun ji, sai su buɗe randa tun bai iso ba.

Kiɗan ɗaya ne tak, ba ya sake shi. Luguden innarsa ne, wanda take yi a turmi can ƙauyensu na Arewa tun yana goye a bayanta. Ta rasu bai kai ga aure ba, kuma shi bai gaji komai a wajenta ba sai wannan.

To, ashe wani mawaƙin siyasa ya taɓa jin kiɗan a lungu, ya yi masa daɗi, ya ɗauke shi ya ɗora masa baitocin yabon jam'iyyarsu. Illo bai sani ba, don shi ba ya zuwa taro, lokacin taro ne ma ruwa ya fi tafiya. Da aka haramta jam'iyyar, aka haramta waƙoƙinta, mawaƙin ya tsallake iyaka ya bar Illo da kayan da bai san ya ɗauka ba.

Wata safiya yana fitowa daga bakin pampo, wani ɗan sanda mai suna Harouna ya tare shi.

"Kai malam, mi kake bugawa haka?"

Illo ya dubi garwarsa, ya dube shi. "Ru... ru... ruwa."

"Ruwa ke kiɗa? Wuce mu tahi komisariya."

Haka ya bi shi zuwa ofishin 'yan sanda da garwa cike a kafaɗa, don ba wanda ya ce ya sauke, yana tafe yana lissafin abin da ya yi. Ya tuna jiya ya taka shanyar wata mata, ya tuna ya taɓa shiga layin pampo ta gaba. Bai ga wanda ya kai a kira hukuma ba.

Komisar Isaka mutum ne mai son a gama magana da wuri, kuma Allah ya haɗa shi da Illo. Ya tambaye shi wa ya koya masa waƙar. Illo ya ce ba waƙa yake ba. Ya tambaye shi ko yana da katin jam'iyya. Illo ya tambaya wacce. Wannan tambaya ta ƙara ɓata lamarin, don a lokacin jam'iyya ɗaya ce ta rage, kuma mai tambayar wacce ya nuna yana tunawa da ta biyun. Aka sa shi ya buga. Yana bugawa komisar ya ɗaga hannu, ya ce ita ce. Amma da ya koma kan dokar, sai ya ga waƙa aka hana, kuma mutumin nan bai buɗe baki ba. Ba a rubuta komai game da garwa ba. Suka yi ta kai da kawo shi da Harouna cikin Faransanci, Illo na tsaye kafaɗarsa na zogi, har dai aka yanke hukunci: ya je ya ci gaba da dakon ruwa, amma kada a sake jin wannan kiɗa.

"Wa... wa... wanne zan buga?"

"Kowanne, ban da wannan."

Magana ce mai sauƙi a bakin mai kujera. Illo ya gwada kiɗan maƙera, ya gwada na 'yan dambe, amma ko ina ya fara, kafin ya kai kwanar lungu yatsun sun zame sun koma luguden inna. Ya ji tsoron hannunsa. Sai ya zare zobban ya ɗaure su a bakin wando, ya riƙa wucewa shiru kamar mai bin gawa.

Shiru kuma ba ya sayar da ruwa. Matan da ke cikin gida ba su san ya wuce ba, wasu masu dako suka gaje ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya. Hajjo, wata tsohuwa Bazabarma mai tuyar ƙosai, ita ce ta tare shi ta yi masa tas.

"Illo, ka mutu ne ba a hwaɗa mini ba? Ina kiɗa?"

Ya ce hukuma ta hana.

"Hukuma ta hana garwa? Garwa ta zagi wa?"

Shi ma abin da yake ta tambayar kansa ke nan. Ya rame, ba don yunwa kaɗai ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne ya ji kamar an sake binne innarsa, kuma wannan karon shi aka sa ya tura ƙasar.

Ana nan sai bikin Jamhuriya ya zo. Illo na wucewa ta gaban shagon wani tela sai ya ji rediyo na tashi, ya tsaya cik har ruwa ya fantsama masa a ƙafa. Luguden inna ne, da kalangu da algaita, an ɗora masa sababbin baitoci na yabon jam'iyya mai mulki. Wato wani mawaƙin ya ga kiɗa mai daɗi yana zaune ba mai shi, ya yi masa wanka ya kai shi gidan gwamnati. Kan Illo ya ɗaure. Da ƙafarsa ya koma komisariya, abin da mai hankali ba ya yi, ya tambaya ko yanzu an halatta.

Komisar Isaka ya dafe kai. Kiɗan da ya hana shi ne ake yi a rediyon da ke kan teburinsa.

"Ya danganta," in ji shi. "In da sabuwar waƙa kake bugawa, babu laihi. In da tsohuwar ce, gidan kaso."

"Ya... ya... yaya za a gane?"

Harouna ne ya kawo shawara: ya buga yana rerawa, a ji ɓangarensa. Komisar ya ce haka za a yi, yanzu-yanzu.

Illo bai san tsohuwar ba, bai san sabuwar ba, kuma tun yana yaro ake yi masa dariya in ya buɗe baki. Ya kwance zobban ya sa, ya fara bugawa, ya rufe ido. Abin da ya fito shi kansa bai zata ba:

"Gero na turmi, Illo na kuka,
Yi shiru ɗan auta, hura na tahe."

Sumul ta fito, ba gargada ko ɗaya. Ya maimaita, ta sake fitowa sumul. Shekara da shekaru yana kokawa da harshensa, bai taɓa sanin cewa in ya rera i'inar tana sakinsa ba.

Komisar ya dubi Harouna, Harouna ya dubi rufi.

"Wannan kuma ta wace jam'iyya ce?"

"Ta i... i... inna ce."

"Tana ina, innar?"

"Ta rasu."

Komisar ya daɗe yana juya alƙalami a hannu. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗauki garwarka ka tahi."

Bai ce an halatta ba, bai ce an hana ba, kuma Illo bai sake samun wanda zai tambaya ba. Washegari matan Bukoki suka ji kiɗan ya dawo, da wata murya a kansa wadda ba su taɓa ji ba, har wasu suka leƙo don su ga ko wani ne ya sayi garwar. Hajjo ta saki matsamin ƙosai ta yi ta hawaye tana zaginsa.

Haka ya ci gaba har ƙarfinsa ya ƙare, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, bai taɓa sanin matsayinsa a doka ba. Abu ɗaya ya riƙe: duk lokacin da ya hango ɗan sanda, sai ya ƙara ɗaga murya, don a ji ko ta wace ce.