Sittin da Uku da Na Gani Na Yi Shiru

Shekarun baya, lokacin jihar Zamfara tana sabuwa dal, ina aiki a shagon kwamfuta na yayan matata a Gusau. Shi ya koya mini rubuta manhaja, shi kuma ya ba ni ƙanwarsa. To ku faɗa mini, da wane baki zan ce masa ya yi kuskure?

Wata ranar Talata wani dattijo ya zo daga Rawayya da tsohuwar kwamfuta naɗe cikin zane. Tsohon malamin makaranta ne, idanunsa sun dushe. Shekara da shekaru yana zayyano tarihin zuri'arsu, ɗansa yana bugawa a kwamfutar. Ɗan ya rasu a hatsarin mota a hanyar Tsafe, kwamfutar kuma ta daina tashi.

"Takarda nika so," in ji shi. "Jikokina su karanta."

Faifan ciki yana ta ƙas-ƙas, alamar mutuwa. Da ƙyar muka kwafe shi gaba ɗaya cikin fayil guda, muna gamawa ya tsaya cak. Kwafin nan shi kaɗai ya rage, kuma ba mu da wurin ajiye na biyu.

Yayan matata yana da wata manhaja da ya rubuta da kansa, mai buɗe irin wannan kwafin kamar faifai na gaske. Dokar shagonmu kuwa, ba a kunna sabon aiki sai wani ya bi shi layi-layi. Ya miƙo mini takardun ya ce in duba.

A shafi na uku na ga abin. Faifai gida-gida ne masu lamba, kuma a bakinsa akwai ɗan jadawali mai faɗin gidan da ajiya ta fara. Yaya bai sa manhajar ta karanta jadawalin ba. Sittin da uku kawai ya rubuta, don a nan faifan zamanin suke farawa. Na dattijon kuwa tsoho ne tukuf, a sha bakwai yake farawa. Ga kuma wani layi a ƙasa: in manhajar ba ta ga kan ajiya inda ta duba ba, ta shimfiɗa sabo.

Nan take na gane za ta lalata kwafin dattijon. Amma me jarumin naku ya yi? Na sosa ƙeya na ce, "Yaya, wannan sittin da ukun fa?"

"Duk faifai haka yake," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Akwai baƙi biyu a shagon, ga dattijon zaune a benci. Na ce, "To, haka ne." Na sa hannu a ƙasan takardar, wai na duba.

Yaya ya kunna manhajar a kan kwafin. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Manhajar ta sauka inda ba nan ba, ta rubuta a kan jerin da ke nuna inda kowane fayil yake. Allo ya nuna faifai fayau. Inna lillahi! Yaya ya dubi allon, ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Mi ya faru?" dattijon ya tambaya, don ya ji mun yi tsit.

Sati biyu muka yi muna tsinto guntaye. Rabin jimla nan, sunan wata kaka can, babu kai babu gindi. Abin da muka iya haɗawa bai cika shafi goma ba. Ni na kai masa Rawayya. Na ce ko zai sake faɗa, ni in buga, sai ya girgiza kai.

"Tun da na faɗa ma yaron na sauke. Yanzu rabi ya fita kaina."

Na so in ce laifina ne, bakina ya ƙi. Ya sa mini albarka, wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yaya bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma haka. Tun daga ranar, in aka ba ni aiki in duba, ko na wane ne, abin da na gani shi nake faɗa, har ana ce mini mara kara. Su yi ta cewa. Ban yafe wa kaina ba har yau.

Ranar nan a Rawayya, da zan tafi, dattijon ya tambayi mataccen faifan, wanda yake cikin jakata. Na ce, "Baba, ai babu abin da zai sake fitowa daga cikinsa."

Ya miƙo hannu. "Ba ni dai. Nan yaron ya aje maganata."