Shekarar da Baba Ya Koyi Mantuwa

Surukina, Baba, mai gyaran takalma ne, kuma unguwa ta san shi da abu ɗaya: ba ya mantuwa. Ka kai masa takalmi bara ka koma bana, zai miƙa hannu cikin tarin da ke bayansa ya zaro naka bai ko waiwaya ba, sannan ya sanar da kai cewa har yanzu a karkace kake taka ƙafar dama. Shagonsa yana can saman titi inda hawa ya ƙare, tsakanin mai aski da mai sayar da ƙwan fitila. Ba komai a ciki sai benci, da warin gam, da hoton wani tafki a tsakiyar duwatsu, wanda Inna, matarsa, ta yanko daga tsohuwar kalanda ta liƙa masa tun 'ya'yansu suna ƙanana.

Wajen tafkin nan Baba ya ce za mu yi hutun bana, mu duka. Ya shimfiɗa taswira a tsakar ɗaki, ya danne gefenta da guduma. Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, yana son ƙololuwar dutse. Masu goyo suna son fili da inuwa. Baba ya zaɓi wani masauki a tsakiya, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe sama don masu ji da ƙarfi, ɗaya ta bi gefen dutse a hankali har bakin tafkin. Ya kuma kafa doka cewa kowa ya fara sa takalmin hawansa tun yanzu, don ya saba da ƙafa. Da nawa na riƙa zuwa ofis, ana tambayata ko soja na shiga.

Inna ce ta ce ba da ita ba. Tun da aka yi mata aikin gwiwa ta kama kujera, duk da likita ya ce in ba ta tafiya ƙafar za ta sandare.

"Ku je ku dawo lafiya, ni zan tsare gida."

"Gidan guduwa zai yi, tsohuwa?" in ji Baba.

"Ba zan je in zame wa 'ya'yana kaya ba."

Bai ja da ita ba. Ya naɗe taswirarsa.

Kwana kaɗan sai mantuwa ta kama shi. Ya kira Inna a waya: ya bar tabarau a gida a kan taga, ga mutane cike da benci. Ta ɗauki sanda ta hau titin, tana hutawa a gindin kowane turken lantarki, tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi irin mijin da Allah ya haɗa ta da shi. Washegari basilla ya bari. Sai makulli, sai kular abinci, sai tabarau kuma. Matata ta yi kuka. Yaya ya kawo shawarar a kai shi asibiti. Baba ya karɓi tausayinmu da haƙuri irin na manya.

Abu ɗaya ne bai taɓa mantawa ba. Kullum in ya dawo, sai ya ɗauki takalmin Inna a bakin ƙofa ya kifa shi, ya duba ƙasansa. Da fari dunduniyar hagu ce kaɗai take cinyewa ta gefe, don jan ƙafar take yi. Ya ƙara mata 'yar roba, bai faɗa wa kowa ba. A hankali takalman biyu suka fara cinyewa daidai.

Ana jibi tafiya Inna ta fito da jakarta.

"Iyakata masauki," ta ce. "Wa zai bi mutumin nan da tabarau? In ba ni, a can zai manta hanyar gida."

Da safe a can, Yaya da samari suka nufi ƙololuwa. Inna ta ce za ta raka jikoki zuwa kwanar farko kawai. Da muka kai kwanar, ta dubi hanya ta taɓe baki.

"Wannan ne dutsen? Ai bai kai titin shago ba."

Ta wuce gaba. Baba yana bayanta, idonsa ba a kan duwatsu yake ba, yana kan sawunta.

Rana ba ta yi zafi ba muka isa tafkin. Ya fi na kalanda girma, ko da yake bai kai shi shuɗi ba. Inna ta zauna a kan wani dutse. Baba ya shafa aljihu.

"Kash. Na bar tabarau a masauki."

Ta buɗe jaka ta miƙa masa.

"Ungo, Malam. Tun makon farko na gane ka. Mai mantuwar gaske ba ya ajiye abu daidai inda zan gani."

"To me ya sa kike kawowa?"

"In ban kawo ba, da me za ka ga takalmina?"

Tun da muka dawo, Baba ya warke sarai, ba tare da an kai shi asibiti ba. Inna dai har yau tana hawa titin kowace hantsi, ba sanda. Ta ce tana zuwa ne ta duba ko ya manta wani abu.