Watannin da Ban Ɗauki Ɗan Yaya Ba

Mu uku muka je ba da jini ranar da aka yi wa Yayata tiyata aka ciro ɗanta na fari: ni, da mijinta, da ƙanin mijin. Ai haka ake yi, in asibiti suka sa wa naka jini, dangi ne za su mayar. Mai gwajin ya soke mana yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana ta zolayata, wai wannan siririyar in aka ɗebi leda guda a jikinta me zai saura. Na yi dariya. Can ya dawo ya ce wa mazan su shiga ciki su kwanta. Ni kuwa ko kallona bai yi ba. Idonsa na kan tebur ya ce, "Malama, ɗan jira tukuna." Mutumin da yanzun nan yake tsokanata ya koma ce mini Malama.

Aka kai ni wurin wata likita, babbar mace mai saurin magana. Ta ce alamar ciwon hanta aka gani, nau'in da ake ce wa C, amma sai an yi babban gwaji kafin a tabbatar. Aka yi, ya tabbata. Ni da na gama sakandare na san zanen hanta a littafi, na san a dama take, amma ban taɓa jin tawa ta yi ko motsi ba. Na tambaye ta a ina na samo. Ta ce mai yiwuwa ya daɗe a jikina, wataƙila allurar kemis, wataƙila reza ko hujin kunne tun ina ƙarama, ba wanda zai iya cewa. Ta ce ta jini yake bi, ba ta kwano ba, ba ta gumi ba, kuma akwai magani. Duk na ji. Amma da na fito, kalma ɗaya ce ta biyo ni har gida: jini.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake wanka, don haka daga asibiti gidanmu aka wuce da Yaya. Tun tana da ciki muka gama magana ni da ita. Ni ce mai hura wutar ruwan wanka, ni ce mai dama kunun kanwa, kuma da zarar cibiya ta faɗi ni ce farkon wadda za ta goya shi. Har faɗa muka yi a kan sunan da zai riƙa kirana da shi.

Da na faɗa wa Mama abin da likita ta ce, sai ta ajiye muciya ta jawo ni bakin ƙofa wurin haske. Ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ƙasa.

"Shawara ce," in ji ta.

"Mama, ai idona fari ne."

"To ai ita ce fara. Mai ɓoyewa. Gara ja sau dubu, ita ko ba komai kana ganinta."

Daga ranar aka ware mini kofi da kwano da cokali. Aka hana ni mai, aka hana ni nama, gishiri sai ɗan taɓi. Aka mayar da ni ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure. Ba zan ce Mama ta yi don ƙi ba. Na sha ganinta tana zuba mini miyata ta daban tana share ido da gefen zane. Jikanta na fari ne a ɗaki, ga 'yarta da ɗinki a ciki, ga kuma wata cuta da ba ta ganinta. Ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi.

Bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin mai jego. Ta nan na san jaririn. Na san kukan yunwarsa, na san na wanka, mai kamar ana yanka shi, na san ɗan atishawar da yake yi in an shafa masa hoda. Ranar suna mata suka cika gida, yana ta yawo daga hannu zuwa hannu, har wata tsohuwa da ba mu san daga ina take ba sai da ta ɗauke shi ta yi masa rawa. Ni ina bayan gida ina wanke tukwane. Na ji wata daga dangin mijin tana cewa, "Wai ina ƙaramar uwar ne? Ko kishi take yi an ƙwace mata Yaya?" Aka sa dariya. Mama ta ce mura nake yi.

Muna da maƙwabciya, mutuniyar kudancin Kaduna, mai sayar da kayan miya, kowa Madam yake ce mata. Ita kaɗai ce ba ta fasa zama kusa da ni ba. Wata rana ta same ni a zaure ta ce da irin Hausarta, "Yarinya, ka ji ni da kyau. Wan mijina ya yi wannan ciwo, shekaru da yawa. Allura suka yi ta yi masa, kowane sati, kowane sati. Gashi ya zube, zazzaɓi kullum, mutum ya koma sanda. A ƙarshe suka ce bai tafi ba. Ka yi tunani kafin ka ba su jikinka." Don ƙauna ta faɗa, na sani. Amma daga ranar ko sunan asibiti ba na son ji.

Saboda haka da Mama ta ce in tafi Kuta wurin Gwaggo, yayar Baba, wadda ta san wani mai maganin shawara, ban yi musu ba. Na ce ko ba komai zan huta da jin kukan da ba ni da ikon rarrashi.

Ban huta ba. A Kuta kowace mace da goyo take. Ranar kasuwa ina zama a ƙofar gida ina kallon matan Gwari suna wucewa da doya a kafaɗa, ga ɗan kai yana lilo a baya, sai in riƙa auna na Yaya da su: yanzu ya kai wancan, yanzu wuyansa ya tsaya kamar na wannan. Safe da yamma ina shan jiƙon saiwa da sassaƙe, ruwansa rawaya, ɗacinsa har cikin kunne. In na yi amai Gwaggo ta ce madalla, cutar ce take fita. Kowace safiya bayan salla ta ja fatar idona ta leƙa, ta ce, "Ana samun sauƙi."

Wata safiya ta leƙa ta daɗe, sannan ta tafa hannu.

"Tas! Kamar nono. Ɗiyata, tattara kayanki, kin warke."

Ta rako ni gida Minna da kanta, da doya da busasshen kifi. A tsakar gida ta yi shela. Mama ta duba idona ita ma, ta yi hamdala, ta ɗauke kofina ta jefa cikin sauran. Yaya ta riga ta yi arba'in ta koma ɗakinta a Sabon Gari, amma aka aika mata, kafin la'asar sai ga ta. Ta kwance goyo tun daga zaure. Ya yi ɓulɓul, ga gashi, ga wani ɗan lotsawa a kumatu irin na Baba. Ta miƙo mini shi.

"Ungo ɗanki, na gaji. Ke kin gudu kin bar ni da aiki."

Na ɗaga hannu. Sai na ga yatsana. Jiya a Kuta wuƙa ta ɗan yanke ni wurin feraye doya, abin bai kai a ce ciwo ba, har ya kama bushewa. Na tsaya ina kallonsa. Abin da ya zo mini shi ne, idon nan da suke murna ya yi fari, ai fari yake ranar da mai gwaji ya ce in jira. Fari yake ranar da Mama ta fara dubawa. Bai taɓa canzawa ba. To me Gwaggo ta gani ya washe?

Na mayar da hannuna baya.

"Ke lafiya?" in ji Yaya.

"Bari in wanke hannu," na ce. Na shiga banɗaki na daɗe, har na ji ta mayar da shi baya.

Kashegari na koma asibiti ni kaɗai. Aka sake babban gwaji, aka ce in dawo. Da na dawo likita ta ce ƙwayar cutar tana nan yadda take, kuma hantata ta nuna alamar wahala fiye da da. Ta tambaye ni me nake sha. Na faɗa mata. Ta cire tabarau ta dube ni.

"'Yata, hantar da muke lallashi ita kika ɗora wa wannan kaya?"

Na fashe da kuka, na ba ta labarin wan mijin Madam. Ta bari na gama, sannan ta ce wannan allurar tsohon yayi ce, da wuya ma a ga mai yin ta yanzu. Ta ce hanya biyu ce a gabana. Ko in zauna haka ana dubawa lokaci lokaci, in yi shekaru ban ji komai ba, ciwon kuwa yana cin hantar a hankali. Ko in sha ƙwaya, ɗaya kullum har wata uku, in dakata wasu wata ukun, a sake gwaji. Ta ce yawancin masu sha suna rabuwa da shi, amma ba za ta rantse mini ba sai ta gani a gwaji. Maganin da tsada, kuma ba a haɗa shi da jiƙo ko kaɗan.

"In na sha zan iya ɗaukar yaro?"

"Ko yau ma ki ɗauka. In kin yanke ki sa filasta. Rezarki da burushinki da abin yankan farce dai naki ke kaɗai. Ba na faɗa miki tun farko ba?"

Ta faɗa. Kaina ya yarda, hannuna ne ya ƙi.

A gida Baba ya ce maganar tsada a bar masa. Mama ce ta tsaya a kan a haɗa biyu, na Bature da na gida, wanda ya riga ya yi aiki shi ke nan. Gwaggo ta bar mini galan guda na jiƙo. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ɗaya zan bi." Ban taɓa ce mata a'a ido da ido ba sai ranar. Ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice. Daga baya kuma ita ce take ƙwala mini kira in an idar da la'asar: "Ke, kin sha abin naki?"

Maganin bai yi mini abin da na ji tsoro ba. Ɗan ciwon kai, da kasala a makonnin farko. Gashina bai zube ba, Madam da kanta ta zo ta ja kitsona ta tabbatar. Na koma cin mai da nama. Abin da ya fi maganin wuya shi ne Juma'a, ranar da Yaya take kawo yaron yini. A gabana ya koyi zama. A gabana haƙoransa biyu suka fito, yana cizon duk wanda ya ba shi yatsa, kowa yana ihu yana dariya. Ina zaune a kan kujera nesa kaɗan, ina yi masa wasa da murfin kwano. Ranar da ya fara rarrafe sosai, ya ratsa tabarma ya nufo ni kai tsaye, yana dalala. Na ɗage ƙafafuna sama.

Yaya ta yi fushi. "Wai ke wace iri ce? Likita ta ce ba komai, ni uwarsa na ce ba komai. Sai ya yi gemu za ki ɗauke shi?"

"Yaya, in wani abu ya same shi fa?"

"In ya girma bai san ki ba fa?"

Ina jin ƙamshinsa daga inda nake, man kaɗanya da nono. Da suka tafi na zauna a daidai inda ya zauna a tabarmar.

Wata ukun jira sun fi na shan magani tsawo, don babu abin da zan yi sai jira. Har yanzu da nake rubuta wannan, in na ga ɗigon ja a ƙasa, ko na manja ne, sai gabana ya faɗi.

Ranar karɓar sakamako Yaya ta ce tare za mu. Ta zauna a benci a waje da yaron a baya, na shiga. Likita ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Ba a ga ƙwayar ba. Kin rabu da shi." Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Ta ce ƙaramin gwaji irin na ranar farko zai ci gaba da nuna alama, kada in tsorata, tabo ne kawai, kuma in kiyaye don ana iya sake kamuwa. Ina jin ta kamar daga cikin rijiya. Na ce, "Likita, jinina yanzu..." Ta ce, "Jininki lafiya lau. Tashi ki je, akwai mutane a layi."

Na fito. Yaya ta dubi fuskata. Ta miƙe ta kwance zane ta juyo da shi ta ɗora mini a ƙirji. Ya fi yadda nake zato nauyi nesa ba kusa ba. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya taɓe baki, sai ya tsala ihu yana miƙa mata hannu yana tura ni da gwiwa. Mutanen benci suka juyo. Wata mata ta ce, "Ƙiwa yake yi, ba shi uwarsa mana."

Yaya ta naɗe zanenta ta koma ta zauna.

"Riƙe shi," in ji ta. "Zai gaji."

Na riƙe shi.